Ina koya wa ɗiyata karatu a gida: wace manhaja zan bi, kuma me zan riƙa ajiyewa saboda jami'a?

Uwargida_KT

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan ja zance don sai kun ji mafarin abin za ku gane inda na maƙale.

Babbar ɗiyata shekararta 13, tana da sikila. Duk wanda ya taɓa jinyar mai sikila ya san abin da hunturun Katsina ke mana, daga Disamba zuwa Fabrairu rabin zangon karatu a kwance take yinsa, ko a gida ko a asibiti, in ta samu sauƙi ta koma aji an wuce ta nesa, kuma ni ban ga laifin malamai ba don aji cike da yara wa zai koma baya saboda mutum ɗaya. Kuɗin makaranta muna biya cif, ga na mai napep safe da rana, amma yarinya kullum a kuka wai ita ce daƙiƙiyar ajinsu alhali ba haka ba ne. Da ta gama JSS1 sai ni da babansu muka yanke shawara ta zauna gida in riƙa koya mata da kaina tunda ina da NCE kuma ba fita aiki nake ba. Lissafi da sayans wani ɗalibin jami'a ɗan maƙwabtanmu ke zuwa sau uku a sati yana mata. Shekara guda ke nan kuma alhamdulillahi abin ya karɓe ta, ran da jiki ya ƙi mu bari, ran da ta tashi garau mu rama.

To shekaranjiya na shiga YouTube na ga matan Amurka masu irin wannan, kowacce da ƙaton fayil, ta rubuta awa nawa aka yi a kowane darasi, maki nawa yaro ya ci, a ƙarshe uwar da kanta ta buga takardar sakamako ta sa hannu wai jami'a ta karɓa. Wlh gabana ya faɗi. Ni ban rubuta komai ba, littattafan rubutunta ne kawai a cikin bakko a ƙarƙashin gado. Ga kuma maganar manhaja, ƙanen babansu ya kawo mana littattafan Ingila daga Abuja masu kyau da hotuna, amma lissafin kuɗin ciki da fam ne, tarihin ciki na sarakunansu ne, ni kuma ina haɗawa da tsofaffin littattafanta na JSS, yau wannan gobe wancan. Hajiyar babansu duk zuwa sai ta ce mun kulle yarinya, ran da za ta nemi jami'a takardar wa za ta nuna. Ita kuma yarinyar burinta famasi, wai ta gaji da shan maganin da ba ta san me ke ciki ba.

Wace manhaja ya kamata in tsaya a kai? Me zan riƙa ajiyewa? Kuma anya jami'o'inmu na nan za su ɗauki yaron da bai zauna a aji ba?

Tsohon Malami, Ƙofar Marusa

Wa alaikumus salam. Allah ya ba yarinya lafiya, ya sa kaffara ne.

Ɗiyata, na yi shekara 35 ina koyarwa a sakandare kafin in aje aiki, kuma na daɗe ina riƙe da harkar jarrabawa a makarantun da na zauna, to bari in fara sauke maki nauyi ɗaya. Waccan takardar da kika ga matan Amurka na bugawa, tsarinsu ne ya ba ta daraja, can an yarda uwa ta tsaya a matsayin makaranta. Nan ba wanda zai tambaye ki ita, ko kin buga ta da ruwan zinari. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ce, ko ta tarayya da ke Dutsin-Ma, ko Al-Qalam, ko ABU, ko BUK, abu biyu suke kallo. Na farko sakamakon WAEC ko NECO, kiredit biyar a darussan da kwas ɗin ke buƙata, na masu sayans dole da Turanci da Lissafi a ciki. Kiredit kuwa daga A1 ne zuwa C6, D7 da E8 an tsallake faɗuwa ne kawai amma ba su shigar da mutum. Na biyu makin JAMB, sai ɗan tantancewar da kowace jami'a ke yi da kanta. Shi ke nan. Mu nan ma ai karatun gida ba baƙo ba ne, a zaure kakanninmu suka yi ilimi malam ya ba su ijaza, to boko ma ijaza yake so, sai dai shi hukumar jarrabawa ce kaɗai ke ba da tashi.

Ƙofar wanda ba ya makaranta ita ce eksitanal. WAEC na da ta masu zaman kansu wadda muke ce ma GCE, tun 2018 sau biyu suke yi a shekara, ɗaya a farkon shekara ɗaya a ƙarshe. NECO ma na da tata wajen Nuwamba da Disamba. A kafe ake rijista, ba ruwansu da ko yaro ya taɓa sa yunifom, kuma jami'o'i na karɓar satifiket ɗin. Amma ki san bambancin tun yanzu. Ɗan makaranta yana shiga da makin gwajin aji da makarantarsa ke turawa, shi ɗan eksitanal ba shi da wannan tallafin, abin da ya rubuta a zauren jarrabawa shi ne nashi. Furaktikal ɗin sayans kuma a takarda ake masu, ba a ba su kayan aiki a hannu.

Maganar manhaja, ki faro daga ƙarshe ki dawo baya. Famasi take so? To a JAMB Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji za ta rubuta, tambaya 180 a awa biyu a kan kwamfuta, maki 400. Ki je kafe a fitar maki da silabus ɗin JAMB da na WAEC na waɗannan darussan, a buga a ɗinke maki, ki aje kusa ki san inda aka dosa. Na yanzu da take matakin JSS kuma manhajar NERDC za ki bi, ita ce hukumar da ke tsara manhajar ƙasa, littattafan da ake saidawa a kasuwa na JSS a kanta aka rubuta su. Ki dai lura a 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhaja da ta rage yawan darussa, kada mai shago ya sauke maki tsohon kaya, ki tambayi wata malama da ke cikin aji yanzu ta ba ki tsarin aikin zango da suke bi ki yi fotokwafi.

Littattafan Ingila kada ki yar. Ta karanta su da yamma saboda Turanci da buɗe ido. Amma kada su zama uwa, yau wannan gobe wancan ɗin nan da kike yi shi ke barin rami a lissafi, ba ki gani sai an kai SS2.

Abu_Sabuwar_Unguwa

Hajiya ki yi haƙuri ni gaskiya ina bayan Hajiyar babansu. Ki maida yarinya makaranta. Dokar UBE ta 2004 ta ɗora wa iyaye tura yaro firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9, har tara da ɗauri aka rubuta ga wanda ya ƙi, duk da dai mun san ba wanda ake kamawa ga yara nan birjik a titi. Ban da doka ma, yarinya tana buƙatar ƙawaye, tana buƙatar a yi gasa da ita ta ga wani ya fi ta ta ji haushi ta dage. Uwa ba ta iya ba ɗanta sifili. Yau NCE ɗinki ta isa JSS, gobe in an zo kemistirin SS2 fa? Ɗan maƙwabcin nan zai gama ya tafi bautar ƙasa ya bar ku.

Maman Samari, Daura

Malam Abu maganar ƙawaye gaskiya ce amma ai akwai Islamiyya, kuma wanda bai kwana a asibiti da yaro yana ihun ƙafa ba ba zai gane ba. A bar wannan.

'Yar'uwa ni na yi abin da kike yi, da ɗana na biyu, shi matsalarsa daban ce amma shekara huɗu a gida ya yi, ya zana eksitanal kuma yanzu yana aji biyu a jami'a. Duk abin da Baba Malam ya faɗa haka yake. Amma kar ki ji an ce jami'a ba ta tambaya ki ce to ba sai kin rubuta komai ba, rubutun don ke ne, ba don su ba.

Ni abin da na yi, babban littafin nan mai bangon kwali irin na 'yan kasuwa na saya, kowane darasi na ware masa shafuka. Na kwafe kanun silabus a gefen hagu, a dama in sa ranar da muka fara da ranar da muka gama, sai wani ɗan gida da nake sa alama uku, ya iya, da saura, ko a sake. Duk ƙarshen wata gwaji, kuma ba ni ke makin ba, don Malam Abu ya faɗi gaskiya guda, uwa hannunta na rawa. Wata malama a layinmu nake kai wa in ba ta ɗan na kati ta yi min makin da jan biro ta sa kwanan wata. Duk ƙarshen zango kuma in roƙi takardun jarrabawar da wata makaranta ta yi wa 'yan ajinsa, in zaunar da shi a falo da agogo a gabansa, ba waya ba tashi. Ranar farko da na yi haka ya ci 31 a lissafi, ni da nake ta yabonsa a dangi, kwana na yi ban yi barci ba. Amma littafin ne ya nuna min inda ɓarakar take, ashe duk wuraren da na sa "da saura" ban taɓa komawa kansu ba.

Ke kuma da yarinyarki ke kwanciya, ki ƙara shafin kwanakin da ciwo ya hana karatu. Bayan shekara za ki ga watannin da suka fi cin ku, sai ki riƙa tura darussa masu nauyi zuwa watannin da take da ƙarfi.

Ki fitar da littattafan nan daga ƙarƙashin gado yau ɗin nan. Nawa na shekarar farko a kwali na zuba a sito, damina ta wuce na je ɗauka na tarar gara ta mayar da su ƙasa, bangon kawai na ɗaga. Tun daga nan bokitin roba mai murfi nake sa wa, kuma duk takarda mai muhimmanci sai na ɗauke ta a waya na tura imel ɗin babansu.

Amma abin da ya fi ba mu wuya ba karatu ba ne, suna ne. Takardar haihuwarsa an rubuta sunan babansa da rubutu ɗaya, a NIN mai kafe ya rubuta shi wani iri, mu kuma da muka zo rijistar jarrabawa muka sa sunan kakansa a ƙarshe don haka ake kiransa a gida. Suna uku yaro ɗaya. JAMB kuma tun 2021 ba a rijista sai da NIN, lambar kake turawa 55019 su ɗauko sunanka yadda yake a can, ba ruwansu da yadda kake so. Mun sha zirga-zirga tsakanin Daura da Katsina, ga rantsuwar kotu ga kuɗin gyara ga jira, saura kaɗan a rufe. To tun yanzu ki baje takardunta a tabarma, ta haihuwa ta hukumar ƙidaya, NIN, satifiket ɗin firamare, ripot ɗin JSS1 da takardar barin makarantar da ta bari in ba ki karɓa ba ki koma ki karɓa tun ana gane ku, da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Ki duba harafi bayan harafi, da ranar haihuwa. Layin wayar da za a yi mata JAMB da shi ma a ware shi, kar a yi da na mai kafe, kar a bari ya mutu.

Wajen rijista a jami'a wasu na neman testimoniyal na sakandare a cikin jerin takardu. Mu mun yi bayani cewa eksitanal ya yi, muka nuna satifiket, aka wuce. Amma ki tambayi jami'ar da kuke so tun da wuri don kowacce da halinta.

Sai furaktikal. Eh a takarda ake yi, amma yaron da bai taɓa ganin ruwa ya canza launi a gabansa ba haddar banza yake yi. Ɗana sai da na nemi alfarma wani malamin kemistiri ya riƙa shigar da shi lab ɗin makarantarsu ran Asabar, ranar farko ya buɗe bakin bututun awon nan gaba ɗaya asid ya zube, malamin ya yi ta dariya. Wadda za ta karanta famasi kuwa rayuwarta duka a lab za ta yi.

Injiniya_Barhim

Ƙarin bayani kaɗan a kan na waje tunda na bi hanyar. In kuna da niyyar Ingila ko wani wuri, akwai jarrabawar sakandare ta Cambridge da ake ce ma IGCSE, British Council ke shirya wa masu zaman kansu a Najeriya, to a nan ne waɗancan littattafan za su yi aiki. Amma kowane darasi kuɗinsa daban kuma da canjin fam yake tafiya, ga tafiya zuwa cibiyar jarrabawa, kuma ko ta ci in jami'ar gida za ta shiga sai ta yi JAMB. Masu tafiya Masar ko Indiya ko Malesiya da yawa da WAEC ko NECO ɗinsu suke tafiya, a kai Abuja ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje su buga hatimi. Amurka ce dai za su so ganin abin da aka karanta shekara bayan shekara, to littafin da Maman Samari ta kwatanta in an riƙe shi da kyau daga ciki za a fitar. Kar ki raba hankalin yarinya gida biyu Anti, sai in kuɗin na nan a ƙasa.

Wani abu kuma, 'yan karatun gida suna saurin gama silabus, sai iyaye su ɗauki zumuɗi. Shekara 16 ce ƙa'idar shiga jami'a, a 2024 har an ce 18 kafin a dawo da ita 16. Ba inda za ku da gudu.

Uwargida_KT

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya raya zuri'a. Baba Malam wlh kamar ka sauke min dutse. Maman Samari ina karanta naki na tashi na jawo bakkon, gara ba ta taɓa ba amma na duba takardu kuma kin san me, a takardar haihuwa watan Maris aka sa, a ripot ɗin makaranta Mayu. NIN ɗin ma ba mu yi mata ba tukuna.

Malam Abu ban ji haushi ba, maganar SS2 ɗin nan ni ma tana hana ni barci, ni Hausa da Soshiyal na karanta a FCE, kemistiri ko a mafarki.

Amma Baba akwai abin da ya tsaya min a rai da na sake karanta bayaninka. Ka ce eksitanal ɗin ƙarshen shekara ne da farkon shekara. To ai wannan shi ne hunturun, lokacin da take kwanciya ke nan. In ta shirya shekara uku ranar fefa ciwo ya tashi fa?

Tsohon Malami, Ƙofar Marusa

To ɗiyata kin taɓo inda ya kamata, ni kaina ban haɗa biyun ba sai da kika faɗa.

Ana haɗa sakamakon zama biyu, wato in ta rasa fefa a WAEC ta cike da NECO, kwasa-kwasai da yawa sun yarda da haka. Amma likitanci da 'yan'uwansa irin su famasi jami'o'i da dama zama ɗaya suke so, kuma ko inda aka yarda da biyu, wurin ya yi kaɗan masu nema sun yi yawa. Kada ki gina shirinki a kan zama biyu.

Jarrabawar 'yan makaranta ita ce ke faɗowa a Mayu da Yuni ta WAEC, NECO kuma Yuni da Yuli. Zafi ne, shi ma yana tada ciwon in ba a shan ruwa sosai, wannan ke da likitanta kun fi ni sani, amma in lissafinki ya nuna hunturu ya fi kayar da ita to wannan ce tata. Sai dai ba a shigarta daga gida. Sai yaro yana cikin rijistar makaranta ana tura makin gwajinsa tun daga SS1. Za ki ji masu cewa kawo kuɗi a SS3 mu cusa ta, ki guje su, irin wuraren nan ne ake riƙe wa sakamako gaba ɗaya, mai laifi da marar laifi.

Don haka shawarar ba ta nan da shekara huɗu ba ce, ta bana ce. Tana matakin shiga JSS3 ke nan. Ki nemi ƙaramar makaranta mai rijista kusa da gida, ku je da babanta da takardar asibiti ku zauna da shugaban, ku faɗa mashi gaskiya, a sa ta a rijista ta zana BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, tare da 'yan JSS3 don da ita ake shiga SS1, a yi yarjejeniya tana zuwa lokacin da jiki ya yarda, tana rubuta gwaji da jarrabawar zango, tana shiga lab, watannin sanyi kuma ki riƙe ta a gida ku bi tsarin aikinsu. Ba kowane shugaba zai yarda ba, wani zai ce sai ta cika kwanakin zuwa, ki gwada uku ko huɗu. Ran da za ki je ki tafi da littafin nan mai bangon kwali ko da wata biyu kika cika a ciki, da takardun gwajin da wani ya yi makin, na zauna a kujerar kuma na san bambancin uwar da ta zo da baki da wadda ta zo da takarda.

Ranar haihuwar kuma ta hukumar ƙidaya ita ce asali, da ita za ki je yin NIN, ki tsaya a kan mai bugawa ki karanta allon da idonki kafin ya danna.

Maman Samari, Daura

Kuma ki tafi da ruwa da abin karyawa ranar NIN ɗin, layi ne, kar ki bar ta tsaye a rana. In kina son ganin yadda na ja layukan littafin nawa ki min magana ta akwati in ɗauko miki hoton shafi biyu, akwai wanda miyar kuka ta zuba a kai amma ana gane rubutun.